Yadda ake yarjejeniyar hayar gida tun kafin ka ba da ko sisi

Gida huɗu na zauna a haya a Kano cikin shekara goma sha ɗaya, yanzu kuma ni ke kula da gidan kawuna mai falat uku da ya zuba 'yan haya, toh na ga abin ta ɓangaren ɗan haya na kuma gan shi ta ɓangaren mai gida. Wallahi yawancin rigimar da na gani ba daga mugunta take farawa ba, daga kunya take farawa. Ana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, dillali yana cewa "ai Alhaji mutumin kirki ne ba sai an yi wani rubutu ba", kai kuma kana jin nauyin ka ce a rubuta kar a ce ba ka yarda da dattijo ba, sai ka tura kuɗi ka karɓi mukulli. Bayan wata takwas silin ya fara yoyo, kai ka ce da shi ya kamata ya gyara, shi ya ce ai ba haka aka yi ba, kuma kowa a cikinku yana ganin shi ne mai gaskiya domin babu abin da za a buɗe a duba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Malaman fiƙihu ma a babin ijara, wato haya, sun shardanta a san kuɗin a san wa'adin. Don haka neman takarda ba raini ba ne, kuma mai gida ma tana kare shi kamar yadda take kare ka.

Ga yadda nake bi, daki-daki.

Fara da gidan kansa, kar ka fara da takarda. Ka je ka gani da idonka sau biyu aƙalla, sau ɗaya da rana sau ɗaya bayan magariba, saboda unguwar da ka gani shiru da azahar ƙila da dare ita ce matattarar 'yan shaye-shaye ko kuma akwai injin niƙa ko janareton wani otal a jikin bangon ɗakin kwananka. Ɗaga kai ka dubi silin, in ka ga zanen ruwa rawaya-rawaya ko wuri ya kumbura to kwanon yana yoyo ko da an shafa sabon fenti. Dubi gindin bango daga waje, layin da ruwa ya tsaya a damina yana nan ba ya ɓuya. Wanda ya kama gida a watan Janairu bai san gidan ba sai Agusta ta zo, shi ya sa nake cewa ka tambayi mai shagon layin ko mai shayi ko 'yan garuwa, ka ce "malam yaya layin nan yake in an yi ruwa mai ƙarfi?" su ba su da abin da za su samu in sun ɓoye maka. Buɗe famfo, zuba ruwa a masai ka ga yana tafiya ko yana dawowa, tambayi yaushe aka yashe sokawe, tambayi bohol ne ko rijiya ko ruwan gwamnati ko saye ake yi. In da hali ka je da uwargida, abin da mace za ta gani a kicin da wurin shanya da banɗaki kai ba za ka gani ba.

Sai maganar wuta, wannan kam a tsaya a kanta. Ɗauki lambar mita ka duba ko akwai tsohon bashi a kanta. Ko KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa, ko Kaduna Electric, ko AEDC in kana Abuja da kewaye, ka je ofishinsu na unguwa da lambar a duba maka. Ni na taɓa shiga gidan da wanda ya tashi ya bar bashi mai yawa, duk lokacin da na sayi kati sai na ga yunit ɗin bai kai kuɗina ba, ashe ana cire bashin ne a hankali, mai gidan kuma ya ce shi bai san zance ba, wanda ya tashi ya koma wani gari. Da na duba tun farko da an cire kuɗin daga cikin hayar. Ka kuma tambayi wane rukuni layin yake, don tun watan Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan Band A kuɗi, wato rukunin da ya fi samun wuta, kuɗin wutarsu ya ninka na sauran nesa ba kusa ba. In mita ɗaya ce gidan duka ke amfani da ita to a san yadda ake rabo tun yanzu, mai firiza biyu da hita ba zai biya daidai da mai fanka da ƙwai uku ba.

Mataki na biyu, ka san wa kake ba kuɗin. Dillali ba mai gida ba ne, aikinsa ya haɗa ku ya karɓi la'adarsa. Ka ce kana son ganin mai gidan ido da ido, in yana Legas ko Saudiyya a kira shi a bidiyo a gabanka, in wakili ne ke kula da gidan ya nuna maka takardar wakilci. Sannan ka bi ta wajen mai unguwa ka gaishe shi ka tambaya, "ranka ya daɗe gida kaza na wane ne?" Minti goma ne amma yana tsare dubban ɗaruruwa. Ana yawan samun wanda zai nuna gida ɗaya ga mutum uku ya karɓi kuɗin kowa ya kashe waya, musamman a Abuja da su Mararaba da Kubwa inda ake rububin gida kuma mutum yana ganin hoto a Facebook sai ya tura kuɗin "kamu" bai taka wurin ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a garuruwanmu shi ne gidan gado. Uba ya rasu ya bar gida, ba a raba ba, babban wa yana karɓar haya, wata rana sai ƙanne su kai ƙara kotun shari'a a ce a sayar a raba, kai kuma ka biya shekara ga iyali ga yara a makarantar layin. In ka ji gidan magada ne ka tambaya kai tsaye, an raba ko ba a raba ba, wa magada suka wakilta, kuma ka nemi aƙalla wani magajin ya sa hannu a matsayin shaida. A rubuta a takardar cewa in an sayar da gidan kafin wa'adinka ya cika, ko dai mai saye ya bar ka ka ƙarasa ko a mayar maka da ragowar kuɗinka kafin ka fita.

Na uku, lissafin kuɗi duka, ba hayar kaɗai ba. A ce falat mai ɗaki biyu an ce naira 600,000 a shekara. La'adar dillali yawanci kashi 10 cikin ɗari ake cewa, 60,000 ke nan, kodayake ana ciniki kuma wasu wuraren ƙasa da haka ake karɓa. In lauya ne ya rubuta takardar shi ma yana da nasa, a manyan birane sau da yawa wani kashi goman ake ɗorawa. Sai kuɗin ajiya na ɓarna wanda ake ce wa koshin, sai kuɗin maigadi da shara da man bohol in gidan cikin esteti yake. Ka ga 600,000 ta tashi daga 600,000 ta doshi 800,000. Ka sa a lissafa maka komai a takarda ɗaya kafin ka ce na saya. Kuma koshin amana ce a hannun mai gida ba kyauta ba, a rubuta cewa za a mayar da ita in ka fita ba ka lalata komai ba, a kuma rubuta cikin kwana nawa.

Maganar a ce sai ka biya shekara biyu gaba ɗaya, ka yi ƙoƙari ka ƙi. A Legas dokar haya ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, 'yan uwanmu na Nima da Zangon Kumasi a Gana kuma dokarsu ta 1963 wata shida ta ƙayyade, duk da dai a aikace masu gida suna ƙetare ta. Kowace jiha da dokarta, amma hikimar ɗaya ce, in ka zube shekara biyu ka shiga ka tarar gidan ba ya zaunuwa kuɗinka ya maƙale kuma ba ka da abin riƙe mai gida da shi ya yi gyara.

Yanzu takardar kanta. Ba dole sai da Turanci ba, ba dole sai shafi ashirin ba. In haya ce ta shekara ɗaya ku biyu za ku iya rubuta ta da Hausa a shafi biyu, kowa ya fahimci abin da ya sa wa hannu. Amma in wa'adin zai wuce shekara uku, ko shago ne ko makaranta ko wurin da za ka zuba kuɗi ka yi gini, to wannan aikin lauya ne, kar ka yi ƙwauron kuɗinsa. In kuma lauyan mai gida ne ya kawo tasa da Turanci, ka tuna mai gida yake wa aiki, ka ce a ba ka kwana biyu ka tafi da ita gida wani ya karanta maka layi-layi. Wanda ya ce sai ka sa hannu nan take to akwai abin da ba ya son ka gani.

Farkonta kamar haka ya isa: "Ni wane ɗan wane, mai gida mai lamba kaza a layin kaza unguwa kaza, na ba wane ɗan wane hayar falat na ƙasa ɓangaren gabas, mai ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki biyu, na tsawon shekara ɗaya daga ranar kaza ga watan kaza zuwa ranar kaza, a kan naira kaza, kuma na karɓi kuɗin duka." A rubuta kuɗin da lamba a kuma rubuta da kalmomi. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa ƙarara, kuma ranar farawa ta zama ranar da aka miƙa maka mukulli gida a shirye, ba ranar da ka biya ba. Wannan ƙaramin abu ne amma na ga wanda ya biya a watan Maris, mai gida ya ce bari a ƙarasa tayil da wayarin, bai shiga ba sai Mayu, da shekara ta zagayo aka ce masa hayarsa ta ƙare a Maris.

Gyara shi ne uwar rigima, don haka a nan za ku daɗe. Abin da aka saba kuma ya fi adalci, duk abin da ya shafi jikin gini na mai gida ne, kwano, katanga, sokawe in ta rufta, bohol in ya ƙone, babban bututu. Abin da zama ke lalatawa kuma na ɗan haya ne, ƙwan fitila, kan famfo, mukullin ƙofa, gilashin da yaro ya fasa, ragar sauro. Yashe masai a gidan da mutane da yawa ke zaune a faɗi yadda za a raba. Sai a ƙara wannan layin da nake ganin ya fi kowanne amfani: in abin da ke kan mai gida ya lalace, ɗan haya zai sanar da shi a rubuce ko ta saƙon waya, in kwana goma sha huɗu suka wuce bai gyara ba ɗan haya zai iya gyarawa ya ajiye rasit a cire daga hayar gaba. In babu wannan layin kar ka yi gyara da kuɗinka kana zaton za a cire, sai ka samu yardarsa a rubuce tukuna, saƙon WhatsApp ma ya fi babu. Haka in kana son sa tayil ko fasa bango don AC ko ɗora sola a kan kwano, a faɗi tun yanzu wanne za ka cire ka tafi da shi wanne zai zama na gida.

Sai sharuɗɗan zama. Mai gida yana da haƙƙi ya ce gidan na kwana ne ba na sana'a ba, ba kiwon kaji ɗari biyu a tsakar gida ba, ba za ka ba wani haya a cikin hayarka ba sai da izininsa. Ni da nake kula da gidan kawu na ga wanda ya kama falat da sunan shi da matarsa, bayan wata uku ya koma wani gari ya zuba samari shida yana karɓar kuɗi a hannunsu, maƙwabta masu iyali suka zo suna kuka da ni. Kai ma kana da naka haƙƙin, mai gida ba zai faɗo maka gida ba sallama don wai gidansa ne, a rubuta cewa zai sanar da kai kwana ɗaya ko biyu kafin ya zo dubawa, kuma da rana, kuma kana nan. Gidan da matan aure suke ciki wannan ba abin wasa ba ne.

Ƙarin kuɗin haya, mai gida ba shi da ikon ƙara maka a tsakiyar wa'adin da ka riga ka biya. In shekara ta kusa ƙarewa yana iya kawo sabon farashi, kai kuma ka yarda ko ku yi ciniki ko ka nemi wani wuri. Matsalar ita ce a faɗa maka saura sati biyu, ga kuɗin makaranta ga azumi ya matso. Don haka a rubuta cewa duk ƙari sai an sanar da wata uku kafin wa'adi ya cika, kai ma in ba za ka sabunta ba ka sanar da shi da wuri ya nemi wani, kar gidansa ya zauna wata biyu babu kowa.

Toh sai notis, wanda mutane da yawa suke jin labarinsa rabi-rabi. Abin da dokokin karɓar gida suka tanada a Abuja da Legas da jihohi da dama, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, shi ne mai biyan sati-sati notis ɗin sati ɗaya, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara-shekara wata shida. In wannan ya cika bai fita ba sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai cewa mai gida zai je kotu, daga nan sai kotu. Amma ka lura da kalmar "in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba", domin in ka sa hannu a takardar da ta ce notis wata ɗaya ne to wata ɗayan ne, ba za ka zo daga baya kana cewa ai wata shida doka ta ce ba. Haka in an rubuta hayar shekara ɗaya ce tak mai ranar ƙarewa, da ranar ta zo ta ƙare da kanta. Kuma watannin notis ba zaman kyauta ba ne kamar yadda ake yaɗawa a majalisa, duk ranar da ka kwana a gidan mutum bayan kuɗinka ya ƙare bashi ne a kanka, kotu za ta sa ka biya, kuma ko kotu ba ta sa ba haƙƙi ne. Wasu masu gidajen zawarawa ne da marayu, da hayar nan suke cin abinci.

Ku kuma masu gida, don Allah a bar cire kwano da cire ƙofa da yanke ruwa da watso kaya waje da turo 'yan daba. Komai bashin da kake bin mutum doka ba ta ba ka wannan ba, kuma yana iya juyewa kai ne za ka biya diyya. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Legas kanta saboda ta tura jami'ai ɗauke da makamai sun fitar da Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. In gwamnati ba a yarda ta yi ba, ina ga ni da kai. Kai ƙarar ɗan haya ofishin 'yan sanda a kan bashin haya ma ba hurumi ba ne, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. A fara da mai unguwa da limami da shaidun da suka sa hannu, in ta ƙi a tafi kotu, wanda ba shi da kuɗin lauya kuma ya nemi ofishin Legal Aid Council na jiharsa.

In an gama rubutu a karanta da ƙarfi kowa yana ji. Ku sa hannu a kowane shafi ba na ƙarshe kaɗai ba, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala bayan an karanta masa, kuma a rubuta sunan wanda ya karanta masa. Shaida biyu, ɗaya naka ɗaya nasa, da lambar wayarsu, kar dillali ya zama shi kaɗai ne shaida. A yi kwafi biyu na asali kowa ya riƙe ɗaya, ka ɗauki hotonta a waya ka tura wa kanka a imel ko ka tura wa ɗan uwanka, takarda tana jiƙewa gara tana ci.

Sai yanzu ne za ka biya. Ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan ko wakilin da aka rubuta a takarda, a wurin bayani ka rubuta "hayar gida" da shekarar. La'adar dillali ka ba shi daban. Ka karɓi rasit mai kwanan wata da adadin kuɗi da lokacin da kuɗin ya ɗauka, ko da ka biya ta banki. Ma'aikata masu biyan haraji ma rasit ɗin yanzu yana da wani amfanin, domin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta ba da rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, ana cire shi daga kuɗin da za a lissafa wa haraji, kuma sai da shaidar biya.

Ranar karɓar mukulli, kafin a sauke ko katifa ɗaya, ka zagaya da mai gida ko wakilinsa kana ɗaukar bidiyo ɗaki-ɗaki. Nuna tayil ɗin da ya tsage, ƙofar banɗakin da ta ci ruwa, soket ɗin da ba ya aiki, fankoki nawa ne, mukullai nawa aka ba ka, lambar mita da yunit ɗin da ke ciki. Tura masa bidiyon a WhatsApp nan take ya amsa ko da "na gani" ne. Ranar da za ka tashi da shi za a gwada, abin da zama ya tsufar kamar dushewar fenti ba a cire shi daga koshin, abin da ka fasa ka biya. Sannan ka canja kwaɗon ƙofar waje da na ɗakin kwana a ranar, domin ba ka san mutum nawa ne suka riƙe kwafin tsohon mukullin ba, ka ajiye tsofaffin a leda ka mayar da su ranar fita.